Malam ya ce waƙata ba ta nuna ba, ga shi saura mako huɗu a hau dandamali

Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 24, ina koyon waƙa a wata makarantar kiɗa da yamma bayan na tashi daga aiki. Wata takwas ke nan ina kan waƙa ɗaya da na rubuta da kaina, baiti huɗu da amshi. Mu uku muke yin ta: ni, da mai fiyano, da mai ganga. Sau biyu a shekara makarantar kan shirya taro ɗalibai su nuna abin da suka koya. A na baya an sa sunana, amma ana saura kwana biyar malaminmu ya saurare mu ya ce "ba ta nuna ba tukuna," sai na janye. Yanzu saura mako huɗu a yi na gaba, jiya kuma ya sake faɗin wannan maganar, bai ƙara komai a kai ba.

Idan ni kaɗai ce a ɗaki, wallahi tsaf waƙar take fita. Amma da mun haɗu bita, wani lokaci farkon baiti na uku ya ɓace mini, akwai kuma wani wuri a amshi da murya ke hawa sama, nan takan tsinke. Duk sanda na yi kuskure sai in tsayar da su mu koma farko. Mai ganga ya ce tsoro ne kawai ke damuna, in rufe ido in hau. Mai fiyano kuwa ya gaji, ya ce idan na sake janyewa in nemi wani. Ni ina ganin girman Malam, ba na son in tsallake maganarsa, kuma ba na son in ji kunya a gaban mutane. Ta yaya ake gane cewa waƙa ta kai a fito da ita?

Mai jiran ta nuna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Cikin duk abin da kika rubuto, wurin da na fi daɗewa a kai shi ne 'yar jimlar nan da kika jefa a tsakiya kamar ba komai ba: duk sanda kika yi kuskure sai ki tsayar da su ku koma farko. Ina ganin rabin damuwarki a nan take kwance.

Ki yi lissafi da kanki. Idan a zama ɗaya kun tashi waƙar sau goma, baitin farko ya samu goma cif. Na biyu wataƙila bakwai. Na uku, inda kike tuntuɓe, sau uku ko huɗu kawai kuka ratsa shi, na huɗu kuwa sai wanda Allah ya sa kuka kai. Ki ninka wannan da wata takwas. Ba abin mamaki ba ne baiti na uku ya riƙa gudu ya bar ki, shi ne marayan waƙar. Akwai kuma abin da ya fi wannan: kin koya wa jikinki cewa maganin kuskure shi ne tsayawa. A ɗakin bita tsayawa ba ta cin komai. A dandamali kuwa ganga ba ta jira, fiyano ba ya jira, kuma shirun daƙiƙa uku a gaban mutane ya fi kuskuren kalma goma tsawo.

Yawancin haddar da muke yi wa waƙa kamar sarƙa take. Ƙarshen wannan layi shi ke janyo farkon na gaba, baki ya san hanya, hankali kuwa yana can yana hutawa. Muddin ba abin da ya taɓa sarƙar, sai ki ga kin kai ƙarshe ba ki ma san yadda aka yi ba. Haka take a ɗakinki. Amma da mai ganga ya ɗan yi wani salo kafin baiti na uku, ko wani ya turo ƙofa, zobe ɗaya ya ɓalle, sai ki tsinci kanki a tsakiyar daji ba alama. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Roger Chaffin, ya taɓa bin diddigin wata ƙwararriyar mai kaɗa fiyano, yana ɗaukar duk bitar da ta yi tun daga ranar da ta fara koyon wani kiɗa mai wuya har ta gwanance da shi. Abin da ya gani shi ne, ba daga farko take tasowa kullum ba. Tana da wurare da ta kafa a cikin kiɗan kamar zango-zango, daga nan take tashi, a nan take tsayawa, har suka zame mata alamomin da hankalinta ke riƙe da su ranar da ta hau dandamali. Idan hannu ya ɓata, hankali ya san zangon da ke gaba.

To ke ma ki kafa naki. Waƙarki mai baiti huɗu ce, ki ba ta zango takwas: farkon kowane baiti da farkon kowane amshi. Ki rubuta su a 'yan guntayen takarda, ki zuba a aljihu, ki riƙa zaro ɗaya kina tashi daga nan. A wurin bita ki ba mai ganga damar ya kira miki: "baiti na uku!" ku faɗa kai tsaye. Kuma na mako guda ku juya tsarin bitar gaba ɗaya, ku fara da baiti na huɗu, sannan na uku da na huɗu, kuna ja da baya har ku iso farko. Wanda ya koyi waƙa ta haka, kullum yana tafiya ne daga inda ya fi rauni zuwa inda ya fi ƙarfi, kuma wannan yana da daɗi a zuciya fiye da yadda kike zato.

Batun muryar da ke tsinkewa a amshi kuwa, ina da zargi uku, ki bincika mini su tun kafin ki yanke wa maƙogwaronki hukunci. Mai waƙa shi kaɗai ba kayan kiɗa yakan tashi waƙa a inda ya fi masa sauƙi, yakan kuma zame ƙasa kaɗan-kaɗan bai sani ba. Fiyano ba ya zamewa. Mai yiwuwa waƙar da ke fita tsaf a ɗakinki ta fi ta wurin bita ƙasa, wato ba ma waƙa ɗaya kike gwadawa ba. Na biyu, a ɗaki a hankali kike rerawa, a wurin bita kuwa kina kokawa da ƙarar ganga, kina turo murya da ƙarfi, kuma muryar da aka matsa wa ita ce ke tsinkewa a sama. Na uku gudu ne. Mutum uku da suka ƙosa sukan ƙara sauri ba tare da ɗayansu ya lura ba, sai numfashin da kika saba ja kafin hawan ya rasa wuri. Duk ukun ana iya gane su a yini ɗaya. Ki roƙi mai fiyano ya kaɗa miki waƙar ki ɗauka a waya, ki daina bitar gida sai da wannan. Ku kuma sauke manhajar metronom, na'urar nan mai ƙirga bugu da wani Bajamushe mai suna Maelzel ya yi wa rajista tun 1815, ku auna bugu nawa kuke yi a minti ɗaya a farkon waƙa, nawa a ƙarshe. Idan bayan duk wannan wurin bai zauna ba, ku sauko da waƙar ƙasa rabin mataki ko mataki ɗaya. Waƙarki ce, ke kika rubuta, ba wanda ya saukar miki da ita a wannan tsayin. Manyan mawaƙa na yin haka kullum, mai sauraro kuma bai taɓa tashi ya tambayi dalili ba.

Yanzu ga tambayarki. Kin auna waƙar da mafi kyawun yin da kika taɓa yi, ke kaɗai, murya ta warware, ba ido a kanki. Wannan yin ba ya bin mutum zuwa dandamali. Ranar taro jiki kan saki sinadarin adiranalin, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, yawu ya ƙafe, tafin hannu ya yi zufa, numfashi ya dawo saman ƙirji. Wannan ba alamar rashin shiri ba ce, haka jikin kowa yake, amma yana cin wani kaso na abin da kika iya. Saboda haka ni ma'aunina daban ne. Waƙa ta kai a fito da ita idan mafi munin yin da kike mata a gaban mutane abu ne da za a iya saurara daga farko har ƙarshe ba a ji tausayinki ba. A duba ƙasan, kada a duba saman.

Kuma ana iya gwada wannan, ba sai an tsaya jiran zuciya ta ce ta shirya ba. Zuciya muguwar alƙaliya ce a wannan shari'ar: ta mai tsoro ba ta taɓa cewa an shirya, ta mai rawar kai kuma kullum a shirye take. Daga wannan makon, duk haɗuwar da za ku yi ku buɗe ta da abu ɗaya. Ki ɗan warware murya, ki ajiye waya tana ɗauka, ku yi waƙar sau ɗaya tak daga farko zuwa ƙarshe, da doka guda: ba tsayawa, ko me ya faru. Kalma ta ɓace, ki bi karin da "la la" har ki kamo zango na gaba. Murya ta tsinke, ki ja numfashi ki shiga layin da ke biye. Kada ki yamutsa fuska, kada ki ce "kai!", kada ki waiwayi mai fiyano. Yin farko shi ne gaskiya, domin a taro ma sau ɗaya za a ba ki. Kada kuma ki saurari abin da kika ɗauka nan take, ki bari sai washegari, ki saurara da takarda a hannu kamar waƙar wata ce aka kawo miki. Za ki sha mamaki iri biyu. Kuskuren da kika ji kamar gini ya rufto, a waya ƙiftawar ido ne. Wani abin kuma da ba ki taɓa lura da shi ba, kamar haɗiye ƙarshen kalmomi, shi zai fito fili.

Idan wannan ya fara zama, ki ƙara masa wuta. Ki hau matakala ki sauko da gudu sau biyu ko uku har zuciyarki ta buga, sannan ki tsaya ki tashi waƙar. Abin dariya ne a ido, na sani, amma ita ce hanya mafi sauƙi ta sanin yadda muryarki take idan ƙirji na bugawa. Sannan ki nemo mutane. Biyu sun isa a karon farko, a zaunar da su a kujera, ku shigo kamar da gaske, ki gaishe su, ku yi, ku fita. Karo na gaba biyar, a sa wanda kike jin nauyinsa a ciki. Wurin da bai taɓa ba ki matsala ba zai iya ɓallewa a gaban mutum biyun nan, kuma gara ya ɓalle a gabansu. Idan kuka yi irin wannan sau uku a ranaku daban-daban, kowanne kun kai ƙarshe, kuma kurakuran da aka yi ƙanana ne masu yawo, yau nan gobe can, to waƙar ta nuna. Idan kuwa wuri ɗaya ne ke rushewa kullum, wannan wurin ne bai nuna ba, shi za a zauna a kai.

Sai Malam. Ba na son ki ɗauke shi a matsayin wanda ya tare miki hanya. Kunnensa ya ji ɗalibai da yawa, ya kuma ga yadda faɗuwa ɗaya a gaban jama'a ke sa wani ya ajiye waƙa har abada. Malamai da dama kan bi ƙa'idar da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma tausayi ne ke sa su. Tarihi ma ya ba su hujja. A 1897 a Rasha aka fara kaɗa wani babban kiɗa na Rakmaninof, wanda daga baya ya zama shahararren mai tsara kiɗa, yana ɗan shekara 23, makaɗan ba su samu isasshiyar bita ba, abin ya watse, masu sharhi suka yi masa ca. Kusan shekara uku ya yi bai iya rubuta wani abin kirki ba. Wannan ita ce amsata ga mai ganga ma: akwai tsoro a lamarinki, ya yi gaskiya, amma mantuwar baiti da tsinkewar murya ba rufe ido ke gyara su ba.

Duk da haka, "ba ta nuna ba tukuna" ba darasi ba ne, hukunci ne, kuma sau biyu ke nan ana ba ki shi ba bayani. Kina da haƙƙin ki nemi bayanin, neman kuma ba rashin kunya ba ne. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban abokan kiɗanki ba, ki ce: "Malam, na ji maganarka kuma na yarda akwai gyara. Don Allah ka nuna mini wurare biyu ko uku da idan na gyara za ka ce in hau." Ki tafi da abin da kika ɗauka a waya, ku saurara tare, ya tsayar a inda kunnensa ya ƙi. Amsarsa za ta faɗa miki abubuwa da yawa. Idan ya ce shigarki baiti na uku da hawan amshi ne, kun haɗu a wuri ɗaya, aikin mako biyu ne. Idan ya ce waƙar ba ta da rai, kina rerawa kamar mai tsallaka kwata, wannan magana ce babba kuma gaskiya ce mai amfani, sai dai irin wannan ran a gaban mutane yake shiga waƙa, zaman ɗaki na wata takwas ma kashe shi yake yi. Idan kuwa ya kasa nuna komai, ya tsaya a kan "da saura dai", to mai yiwuwa yana auna ki da ma'aunin ƙwararru alhali taron na ɗalibai ne. A nan sai ki tambaye shi cikin ladabi: a taron ɗalibai, me ake nema ɗalibi ya nuna? Ki kuma roƙe shi ya sa muku ranar da zai sake sauraro, kwana goma kafin taron. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma hukuncin da ya zo ana saura kwana biyar ba ya barin lokacin gyara, janyewa kawai yake bari.

Mai fiyano kuma, ki ba shi gaskiyarsa. Ya ba da yammacinsa wata da watanni, ya shirya wa taron baya, aka janye ba da shawararsa ba, sannan kowace bita ana tsayar da shi a tsakiyar layi. Ko ni ce zan gaji. Ba haƙuri kawai yake buƙata daga gare ki ba, yana son ya san inda aka dosa. Ki gaya masa tsarin da kika yi, ki gaya masa ranar da za a yanke magana, ki kuma yi masa alkawari ɗaya da za ki iya cikawa: ko da wannan waƙar ko da wata, za ku hau tare. Ku ukun ku kuma yi yarjejeniyar ceto tun yanzu. Idan kika ɓata, su ci gaba da zagaya kiɗan baitin har ki shigo, ko mai fiyano ya ɗan taɓa miki karin layin farko. Sanin cewa akwai masu tare ki yana rage mantuwar kanta.

Tsakanin hawa da waƙar yadda take da janyewa akwai fili mai faɗi da ba ki duba ba. Za ki iya cire baiti na uku, ki yi uku masu ƙarfi, ba wanda ya san akwai na huɗu sai ku. Za ki iya ajiye takarda a gabanki mai ɗauke da kalmar farko ta kowane baiti da manyan baƙaƙe. Sau da yawa wanda ya san takardar na nan ba ya ma kallonta. Za ki iya hawa da wata waƙa mai sauƙi da ta daɗe a bakinki, ki bar wannan ta fara fita a ƙaramin zama. Ni dai da za ki bi tawa, wannan waƙar zan so ki hau da ita, ko da a gajarce. Abin da kika rubuta da hannunki yana da nauyi na daban, kuma na lura duk wata da ya wuce nauyin ƙaruwa yake yi. Janyewa ta biyu za ta sa ta uku ta zo da sauƙi.

Kin ce ba kya son jin kunya. Vladimir Horowitz, ɗaya daga cikin manyan masu kaɗa fiyano na ƙarni na 20, ya ƙaurace wa dandamali shekara 12, daga 1953 zuwa 1965. Ranar da ya dawo, a zauren Carnegie da ke New York, zaure cike maƙil, tun a farkon kiɗan da ya buɗe da shi yatsansa ya sauka a inda bai kamata ba. Ya wuce abinsa. Har yau ana lissafa wannan taron cikin manyan ranakun rayuwarsa. Mutanen da za su zauna a gabanki ba su da takardar waƙarki, ba su san yadda take fita a ɗakinki ba. Abin da suke gani shi ne fuskarki da ko kin tsaya ko kin ci gaba.

Idan Malam ya saurara ranar da kuka sa, aka yanke za ku hau, daga nan ki kulle waƙar. Kada ki canza kalma, kada mai ganga ya ƙaro salo, kada a taɓa gudu. Kwanakin ƙarshe na yin ta sau ɗaya ne a rana, da isasshen barci, domin abin da aka koya da rana a cikin barci yake daɗa zama. Ana gobe taro kada ki gajiyar da murya. Idan da hali ku shiga zauren kafin mutane, ki tsaya inda za ki tsaya, ki ji yadda muryarki ke dawo miki ta lasifika, ki san nisan bakinki da makirfo a wurin hawan nan. Kafin a kira sunanki, ki ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali ya fi jan tsawo, sau huɗu ko biyar. Sannan ki rera layin farko a zuci, a daidai gudun da kuka auna, kafin ki ɗaga wa mai ganga kai.

Ki rubuto mini bayan kin gana da Malam, ina son jin wuraren da ya nuna.

Yayarki